Tsofaffin itatuwan inabi na Barossa: wa ya raya su, wa kuma zai ci gaba da ɗaukar nauyinsu?

Malam Habu:
Assalamu alaikum jama'a. Kwana biyu ina ta bin tarihin wani yanki a jihar Kudancin Ostireliya mai suna Barossa, kimanin kilomita 60 arewa maso gabas da birnin Adelaide. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in kawo shi mu yi masa kallon taron dangi.

A yankin nan akwai gonar inabi da aka dasa a 1843, kuma har gobe ana tsinkar 'ya'yanta. Irin Shiraz ne, wani maƙeri mai suna Christian Auricht ya dasa a ƙauyen Langmeil. Ba ita kaɗai ba ce. Akwai ta Turkey Flat ta 1847, akwai irin Grenache na gidan Cirillo na 1848, akwai irin Mourvèdre da Friedrich Koch ya dasa a 1853 wanda ake kira Old Garden. Duk waɗannan iri daga Turai aka kawo su, amma yau a Turan kanta da wuya ka sami gona guda mai waɗannan shekaru.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, a tsakiyar shekarun 1980 gwamnati da kanta ta riƙa biyan manoman yankin kuɗi su tumɓuke itatuwansu, kuma tsofaffi da yawa sun tafi a wannan shara. Yanzu kuma waɗanda suka tsira su ne abin tinƙahon yankin. To tambayata: tsohon itace yana da wata daraja ta kansa da ta isa manomi ya riƙe shi, ko kuwa kasuwa ce kawai ke juya mutane yadda ta ga dama?

Baba Tanimu:
Wa alaikumus salam. Malam Habu, kafin a yi nisa, bari in faɗi abin da ke raina. Inabin nan da kake magana, giya ake yi da shi. Ba na so yaranmu da ke karantawa su ɗauka muna yi wa giya talla ne.

Malam Habu:
Allah ya ƙara girma Baba, ka yi daidai da ka faɗa. Haramcin giya ba abin da za mu yi jayayya a kai ba ne, kuma ba wanda zai kira wani zuwa gare ta a nan. Ba zan ɓoye ba, giya ce kasuwar mutanen Barossa, ba za a fahimci tarihinsu ba sai an ambace ta. Amma inabi itace ne da Allah ya halitta, Alƙur'ani ma ya ambace shi cikin ni'imomi. Ƙwaron da ke cin saiwar inabin giya shi ne dai ke cin ta inabin ci da na zabibi. Ni abin da ya ja ni shi ne yadda itace mai 'ya'ya ya kai shekara 180 yana aiki, da yadda manomi ke yanke shawarar ya bar shi ko ya sare.

Baba Tanimu:
To madalla. In dai a kan noma ne da tarihin mutane, bismillah, ina saurare.

Dakta Yusha'u:
Malam, rabin amsar tambayarka tana wurin wani ɗan ƙwaro da ido ba ya cika gani, sunansa filoksera. Asalinsa Arewacin Amurka, inda itatuwan inabin daji na can suka saba da shi, ba ya kashe su. Da ya shiga Faransa a shekarun 1860 sai ya tarar da inabin Turai da bai san shi ba. Yana tsotsar saiwa, wurin ya kumbura ya ruɓe, cikin 'yan shekaru itacen ya ƙeƙashe. Haka ya bi gonakin Turai ɗaya bayan ɗaya. An gwada magani iri-iri, har da cika gona da ruwa don a nutsar da shi. Abin da ya yi aiki a ƙarshe shi ne aure: a ɗauko gindin inabin Amurka mai jurewa, a aura masa reshen inabin Turai a sama. Ma'ana kusan duk gonakin Turai sai da aka sake dasa su. Ka ga dalilin da ya sa babu tsofaffi sosai a can.

Ƙwaron ya iso Ostireliya ma. An gano shi a Geelong, jihar Victoria, a 1877, ya yi ɓarna a can. Amma Kudancin Ostireliya ta kafa doka a 1899, ta hana shigo da itace ko ƙasa daga wuraren da ya kama, ta kafa hukumar da manoma ke biyan kuɗin tafiyar da ita. Har yau bai shiga jihar ba. Saboda haka tsofaffin Barossa a kan saiwarsu ta asali suke tsaye, ba a yi musu aure ba.

Auwalu:
Yaya Dakta, wannan ya bayyana dalilin da ya sa ba su mutu ba. Bai bayyana dalilin da zai sa a ce sun fi sababbi ba. Ni ina da shakka a kan duk wannan kirari da ake yi wa tsufa. Manomi a 1900 ko 1950 ba wawa ba ne. Itacen da ba ya 'ya'ya masu kyau, ko yake wurin da sanyi ke ƙona toho, tuni ya sare shi ya shuka alkama. Wanda ya rage shi ne wanda tun farko ya faɗa ƙasa mai kyau. Wato kyau ne ya sa suka tsufa, mu kuma muka zo muna cewa tsufa ne ya sa suka yi kyau. Masu sayarwa kuma wannan labari ya yi musu daɗi, don yana ninka farashi.

Dakta Yusha'u:
Ƙanina, ba ka yi nisa da gaskiya ba. Wani mai bincike a Jami'ar Adelaide, Dylan Grigg, ya yi digirinsa na uku a kan wannan tambayar, ya kwatanta tsofaffi da matasan Shiraz a gonakin Barossa, waɗanda aka yanko matasan daga jikin tsofaffin. Abin da ya fi fitowa fili shi ne wurin da gona take ya fi shekarun itace tasiri. Kuma maganar da kowa ke maimaitawa cewa tsohon itace dole 'ya'yansa su yi kaɗan, ba ta tabbata ba. Idan yana da lafiya yana iya kamo matashi ko ya wuce shi, saboda kaurin kututturensa rumbu ne na abincin da yake ajiyewa.

Inda na rabu da kai shi ne nan: ko da kyau ne ya sa suka tsufa, ai wannan kansa dukiya ce. Shekara 150 ƙasa da fari da cuta suna tacewa, manoma bakwai ko takwas a jere suna duba itace ɗaya suna cewa a bar shi. Babu tashar binciken da za ta iya yi maka wannan tacewar. A gidan Henschke, wasu manoman inabi na yankin, Prue Henschke ta shafe shekaru tun daga 1980 da wani abu tana bin tsofaffin itatuwansu ɗaya-ɗaya, tana sa wa nagartattu alama, ana yankan rassansu ana dasa sababbin gonaki. Irin da ya ɓace a Turai lokacin filoksera, wani yana nan a raye a wurinsu.

Hajiya Rabi:
Ni kafin mu nutse cikin lissafi ina so a ce wani abu a kan mutanen. Su wa suka dasa, kuma me ya kai su can?

Malam Habu:
Hajiya, mafi yawansu Jamusawa ne mabiya ɗariƙar Luther daga yankin Silesiya na masarautar Prusiya da maƙwabtansa. Sarkin Prusiya, Friedrich Wilhelm na Uku, ya tilasta haɗe coci-coci a ƙarƙashin tsarin ibada ɗaya, su kuma suka ƙi, aka riƙa kama limamansu. Wani attajiri ɗan Ingila, George Fife Angas, ya ba su rancen kuɗin jirgi. Ayarin farko ya iso a 1838 tare da limaminsu August Kavel. A 1842 aka kafa ƙauyen Bethany, shi ne mazauninsu na farko a Barossa. Yadda suka yanka filayen ma abin kallo ne: gida a bakin hanya, gona siririya doguwa ta miƙe ta bayansa har bakin rafi, don kowa ya sami ruwa da makiyaya.

Kuma ba manoman inabi zalla ba ne. Alkama suke nomawa, da kiwo, da itatuwan marmari, inabi ɗan ɓangare ne a gefe. Ina ganin wannan na cikin abin da ya ceci itatuwan. Mutumin da inabi ba shi ne kaɗai abincinsa ba, idan kasuwa ta faɗi shekara uku ba ya gaggawar ɗaukar gatari.

Sunan kuwa Kanar William Light ne ya sa a 1837, don tunawa da yaƙin Barrosa da aka yi a Sifen a 1811. Wajen rubutawa aka yi kuskure ya koma Barossa, haka ya zauna.

Hajiya Rabi:
Na gode Malam. Amma kada mu ba da labarin kamar filin Allah suka tarar babu kowa. Ƙasar mutanen Peramangk ce da Ngadjuri, sun yi dubban shekaru a wurin kafin a dasa reshe ɗaya. Waɗanda suka gudo daga zalunci suka zo suka zauna a ƙasar da aka raba wasu da ita. Duk lokacin da na ji ana cewa shekara 180 kamar nan ne farkon duniya, sai wannan ya faɗo mini.

Malam Habu:
Gaskiya ne Hajiya, gyara ya karɓu.

Nura:
Salam iyayena da yayyena. Ni ɗalibi ne a Adelaide, kuma an kai mu yankin a darasin ilimin ƙasa, don haka bari in faɗi abin da idona ya gani.

Da farko tsohon Grenache bai yi kama da gonar inabin da ake gani a hoto ba. Babu waya, babu turaku. Kowane itace yana tsaye shi kaɗai, gajere, bai wuce ƙugu ba, kututturen ya murɗe ya tsattsage, wani ma cikinsa rami ne kana iya zura hannu. Sai ka rantse ya mutu, amma ga ganye shar a kansa. Tazarar da ke tsakaninsu mai faɗi ce, don lokacin da aka dasa doki ne ke jan garma, kuma babu ban-ruwa, kowane itace sai an bar masa fili ya nemi ruwansa. Ruwan sama a tsakiyar kwarin Barossa kamar milimita 500 ne a shekara, kuma a lokacin sanyi ya fi sauka, wato Yuni zuwa Agusta. Lokacin da 'ya'ya ke nuna, Janairu da Fabrairu, zafi ne da bushewa. Matashin itace sai an ɗiga masa ruwa ta bututu. Tsohon kuwa saiwarsa ta yi zurfi, zafin kwana uku ba ya razana shi kamar yadda yake razana na shekara biyar.

Abu na biyu, komai da hannu ake yi. Injin tsinka ba ya shiga irin wannan gona. Askin rassa a cikin sanyi, mutum a sunkuye, itace bayan itace, kuma kowanne da yadda ake bi da shi. Manomin da ya zagaya da mu ya ce ba ya barin sabon hannu ya taɓa tsofaffin sai ya yi shekaru yana koyo a kan matasa.

Kafin mu shiga kuwa sai da kowa ya tsoma takalminsa cikin ruwan magani, aka kuma tambaye mu ko wani ya taka gonar inabi a wata jiha kwanan nan.

Auwalu:
Yauwa Nura, ka kawo ni inda nake so. Aikin hannu, babu inji, sai ƙwararre. Wa ke biya? Malam Habu ya ce gwamnati ta biya a tumɓuke kamar wani aikin hauka ne. Ba hauka ba ne. Shekaru da dama abin da Barossa ke sayarwa giya ce mai zaƙi da ƙarfi, wadda ake yi da Shiraz da Grenache. A shekarun 1970 masu saye suka juya zuwa farar giya, jan inabi ya yi kwantai. Manomi ya yi wahalar shekara, ya kai kaya, a ce ba a so. Idan an saya ma a kan awo ake saye, tan ɗin itacen 1860 da tan ɗin itacen jiya kuɗi ɗaya, a zuba su tanki ɗaya. Mutumin da ke da iyali aka ce ga kuɗi ka cire, me kuke so ya yi? Ni ban ga laifin wanda ya karɓa ba ko kaɗan.

Malam Habu:
Ni ma ban ga laifinsa ba Auwalu, kuma ban ce hauka ba ne. Abin da ke ba ni takaici shi ne tsarin bai bambance ba. Ba a tambayi shekarun gona ba. Abin da aka cire a yini guda da katafila, ko an zuba kuɗin duniya ba a mayar da shi sai an jira ƙarni.

Amma maganarka ta awo ita ce gishirin zancen. Duba waɗanda suka juya lamarin. Peter Lehmann yana aiki a wani babban kamfani, a ƙarshen shekarun 1970 masu kamfanin suka ce kada ya sayi inabin manoma. Shi kuwa ya riga ya ba su baki. Sai ya nemo masu zuba jari ya kafa nasa a 1979 don ya karɓi kayan da ya yi alkawari. Robert O'Callaghan ya kafa kamfanin Rockford a 1984, daidai lokacin da ake tumɓukewa, ya riƙa bin masu tsofaffin gonaki yana biyansu sama da farashin kasuwa don kada su cire. Ya koma kayan aikin da, matsewar katako irin ta kakanni da manyan kwatarniyoyi buɗaɗɗu, yana sarrafa kayan kowace gona daban. Charles Melton shi ma a 1984 ya kama Grenache da kowa ya raina. Tun kafin su, a 1958, Cyril Henschke ya fara ware amfanin gonar Hill of Grace, wadda aka dasa wajen 1860 a kwarin Eden daura da wani ƙaramin coci, ya sa masa sunan gonar.

Ka ga abin da ya canza. Da zarar an daina zuba kayan tsohuwar gona cikin na kowa, aka kira ta da sunanta, sai wahalar da ke cikinta ta sami mai biya.

Auwalu:
To ai ka dawo kan maganata Malam. Kasuwa ce ta kashe, kasuwa ce ta raya.

Malam Habu:
Da sauran magana. Kasuwar ba ta zo ba sai bayan shekaru. Tsakanin ranar da aka ce cire ga kuɗi da ranar da farashi ya tashi, akwai manoman da suka riƙe a kan asara, don kakansu ne ya dasa. Da ba su riƙe ba, da kasuwar ta iso ta tarar da fili.

Hajiya Rabi:
Ku biyun kuna magana kamar an gama. Ni ina ganin gatarin bai koma kube ba. A ƙarshen 2020 ƙasar Sin ta ɗora wa giyar Ostireliya haraji mai nauyi, har ya haura kashi 200 cikin ɗari a kan wasu kamfanoni, ba a janye ba sai Maris 2024. Sin ce babbar mai sayensu a lokacin. Jan inabi ya sake yin kwantai, manoma a yankuna irin su Riverland suka koma cire itatuwa. Gonar da ta yi suna a duniya ba abin da zai same ta. Amma mai 'yar gona ta shekara 80 da ba kowa ya san sunanta ba, wanda 'ya'yansa sun tafi birni, shi fa?

Ga kuma gidaje. Adelaide na matsowa. Sai da majalisar jihar ta yi doka a 2012 don hana yanka gonakin Barossa a yi unguwanni. Kafin dokar, a 2006, akwai tsofaffin Shiraz masu kimanin shekara 140 da za a share don gini, mutanen kamfanin Langmeil suka haƙo su ɗaya-ɗaya da ƙasarsu suka mayar bakin rafi, suka sa wa wurin Orphan Bank, wato gaɓar marayu. Abin ya burge ni, amma gona nawa za a yi wa haka?

Maman Ilham:
Don Allah a yi mini bayani, daga shekara nawa ake cewa itace ya tsufa? Kowa ba zai iya rubuta "tsoho" a kayansa ba?

Nura:
Anti, wannan ne ya sa suka yi yarjejeniya. Kamfanin Yalumba, wanda ke nan tun 1849, shi ya fara tsarawa a 2007, yankin gaba ɗaya ya karɓa a 2009. Hawa huɗu ne. Shekara 35 zuwa sama tsoho ne. Daga 70 ana ce masa wanda ya tsira. Daga 100 mai ƙarni. Daga 125 kuma kaka. Ana rubuta gonakin a rajista da shekarar dasawa.

Auwalu:
Rajista ba ta hana mai gona cirewa, ko?

Nura:
Ba ta hanawa Yaya. Gonarsa ce.

Baba Tanimu:
Na karanta duka. Tambaya ɗaya gare ni, Dakta. Gona ta shekara 180, ai dole wasu itatuwan su mutu a tsakani. In an cike gurbin da sababbi, shekara nawa za a ce gonar take da shi? Kada a zo ana sayar da sunan kaka alhali jikoki ne a tsaye.

Dakta Yusha'u:
Baba, ka taɓo inda ke yi musu ƙaiƙayi. Suna mutuwa kam. Babban mai kashe su yanzu wata cutar funfuna ce, yutifa, wadda ke shiga ta bakin yankan aski idan an yi shi cikin ruwa. Tana cin itacen daga ciki a hankali, sai ka ga hannu ɗaya ya tsumure, ganye ƙanana, bayan shekaru ya bushe. Shi ya sa ba a aski ranar da ake ruwa, kuma ana shafe manyan yanka da magani. Idan ta kama, a kan yanke har inda itace ke da lafiya, a reno sabon toho daga gindi. Saiwar ta 1850 ce, hannun na bana.

Idan kuwa itace ya mutu ɗungurungum, akwai dabarar da suka gada. Ba a yanke reshe. A kan janyo dogon reshe daga maƙwabcinsa mai rai, a lanƙwasa shi a binne tsakiyarsa a gurbin mamacin, a bar kansa a waje. Yana shan uwarsa har ya yi saiwar kansa, wani ma ba a raba su har abada. A ƙasar da filoksera take ba a iya wannan, domin sabuwar saiwar ta inabin Turai ce, ƙwaro zai cinye ta. A Barossa ana iyawa.

To shi wannan sabon, ɗa ne ko kuwa hannun uwar ne da ya miƙa? Ni a ilimina jiki ɗaya ne. Mai ƙidayar shekaru zai ce a'a.

Auwalu:
Ni ina tare da mai ƙidaya. Ranar da ya yi saiwa ranar aka haife shi.

Baba Tanimu:
In ba a yanke tsakaninsu ba, Auwalu, ban ga inda za ka sa wuƙa ka ce nan uwa ta ƙare ba. Nura, in ka sake zuwa ka tambayar mini manomin nan, a gonarsa guda nawa ne na asali, guda nawa aka binne, kuma shi da bakinsa yaya yake ƙirga su.

Nura:
In sha Allah Baba. Za a sake kai mu lokacin aski, a watan Yuli. Zan tambaye shi, in ya yarda kuma in ɗauko hoton reshen da aka binne.